Farautar barewa a jihar Ohio ta Amurka kafin barbara: a ina ake kwanto?

Ɗan Baka: Salamu alaikum maharba. Ƙarshen Oktoba ya zo. A daji ana ganin ƙananan itatuwa da aka saɓule wa ɓawo, da wuraren da aka tone ƙasa. A kansu ake kwanto, ko da sauran dubawa?

Sarkin Dawa: Wa alaikumus salam. Duka aikin namiji ne. Saɓulen nan ƙaho yake gogawa. Tonon kuma da kofato yake yi, ya yi fitsari a ciki, kuma za ka ga reshe a samansa daidai fuskarsa, yana lasa yana goga goshi. In ƙasar da danshi kuma ganye bai rufe ta ba, sabo ne.

Sai dai kada ka zauna a kan tonon bakin gona, galibi da dare yake zuwa can. Bi jerin saɓulen baya-baya zuwa ƙurmin da yake kwana, ka tsaya kamar yadi 100 kafin makwancin, tsakaninsa da abinci. Yanzu abincinsu 'ya'yan farin oak ne (wani babban itacen daji), sun fi na ja rashin ɗaci. Barbara sosai sai farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa, kuma gajartar yini ke kawo ta, ba sanyi ba.

Mai Kwari: Malam, iska fa. Hancin barewa ya fi idonta. Busa gari kaɗan a iska ka ga inda ya nufa. In makwanci ya nufa, haƙura da wurin ranar. A tudu iska na hawa sama da hantsi, tana gangarowa da yamma, wannan ke tona asirin mutane. Yawan zirga-zirga ma na mayar da namiji ɗan dare. Kujerar kwanto a kan bishiya, ƙafa 15 zuwa 20 daga ƙasa, ta isa, kuma ka ɗaura ɗamarar tsaro tun daga ƙasa.

Baba Maharbi: Ɗana, a Ohio yanzu lokacin baka ne, babban lokacin bindiga sai bayan Thanksgiving (bikin godiya na Amurka a ƙarshen Nuwamba), kuma sai da lasisi da takardar izinin harbin barewa. Kada nisan harbinka ya wuce yadi 30. Jira ya ba ka haƙarƙari, ka yi bisimilla, ka saki kibiya bayan kafaɗa. Jini mai kumfa na huhu ne, jira minti 30 ka bi sawu. In kibiyar na warin tumbi, ba shi awa 8 ko fiye, don in ka tashe shi ya tafi ke nan. Ka tarar da sauran rai, yanka shi nan take.