Neman shawara: harafin ɗ ya ɓata min allon shago

Mai Zuma: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 6 ina sarin zuma a Ngaundere ina kawowa Garwa, nan Kamaru. Da a babur nake yawo da jarkoki, sai bana Yaya ya bar min ɗakin da yake ajiye masara, bayan wata rigima da ba sai na faɗa ba. Na kai aikin allo da takardun kwalba wurin mai buga takardu. Na zaɓi rubutun nan mai kauri, wanda kowane harafi ke tsaye kan ƙafa kamar bulo, wai Rockwell. Daga tsallaken titi ana karantawa. Amma a "Zuma Mai Daɗi" ɗ ɗin ya fito siriri, kamar baƙo a gidan biki. A kwalba kuma ƙananan rubutun sun cuɗe. Na riga na biya. Ya zan yi?

Malamin Kwamfuta: Wa'alaikumus salam. Zaɓinka bai yi laifi ba, don talla aka ƙirƙiro irin wannan rubutu a Ingila tun wajen 1815. Faransawa na ce masa na Masar, ko da yake ba ruwan Masar. Shi Rockwell na 1934 ne, kuma ba shi da ɓ, ɗ, ƙ. Sai kwamfuta ta aro ɗ daga wani rubutun, shi ka gani. Sauke wani salon rubutun mai suna Charis SIL, kyauta ne, yana da su duka har da ŋ na Fulatanci.

Hajiya Mai Ɗinki: Ɗana, kai ma ka samu allo. Nawa wata uku yana hannun wani yaro, kullum wai ba wuta.

Ɗan Marwa: Ka rubuta "Dadi" kawai, kowa zai gane. Ko ka kira mai fenti ya kaurara shi da hannu.

Malamin Kwamfuta: A'a! Haka muke kashe rubutunmu da kanmu. Batun kwalba kuwa, ƙafafun nan in an ƙanƙanta su haɗewa suke, balle tawada ta jiƙa takarda mai araha. Mai kauri na suna ne kaɗai, sauran bayani a sa mara ƙafa kamar Arial.

Mai Zuma: Malam na duba Charis ɗin, bai kai nawa cika ido ba. Kuma ni nake so komai ya zama iri ɗaya, allo da kwalba, don a san zumata ce.

Malamin Kwamfuta: Ai akwai mai kaurinsa, ka duba kuwa?

Ɗan Marwa: Zuma ake saye ko harafi?

Hajiya Mai Ɗinki: Nawa kake sayar da litar zumar? Wadda na saya a kasuwa rabi sukari ce.

Mai Zuma: Hajiya zan yi miki magana ta gefe. Shi mai bugawar ya ce sai na sake biya, wai ni na nuna da yatsana.