Wuƙa mai naɗewa ta ƙarfen Damaskas mai sauƙin kuɗi: za ta jure aikin yau da kullum?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wuƙaƙe. Ina so in sayi ƙaramar wuƙa mai naɗewa wadda zan riƙa sakawa a aljihu domin ƙananan ayyuka irin su yanka igiya, buɗe kwali da fiƙe fensir, kuma zanen nan na ƙarfen Damaskas mai kama da igiyar ruwa ya daɗe yana ba ni sha'awa. Na taɓa sayen wata mai araha a intanet, amma bayan na wasa ta sau uku sai na ga zanen da ke kusa da kaifin ya goge, ƙarfen ya fito fari sumul kamar cokali. Shin cutata aka yi, ko kuwa haka Damaskas ɗin yake? Kuma mai ƙaramin ƙarfi zai iya samun ta gaske?

Tsohon Maƙeri:

Wa alaikumus salam, Malam. Gogewar zane a wurin da dutse ya ci ba ta isa hujja ba, domin ko Damaskas na gaske idan aka goge fuskarsa zanen yakan dushe. Dalili kuwa shi ne yadda ake yin sa. Maƙeri yana jera falle-fallen ƙarfe iri biyu, misali 1095 mai yawan sinadarin kabon da 15N20 mai ɗauke da nikel kusan kashi 2 cikin ɗari, ya zuga musu wuta har su yi jajir, ya daka su su haɗe, sannan ya miƙar ya ninka ya sake dakawa. Falle 8 idan aka ninka sau biyar ya zama 256, saboda haka kada yawan fallen da mai talla yake ambata ya ruɗe ka. Bayan an ƙera ruwan wuƙar sai a tsoma shi a ruwan asid, wanda yake cin ƙarfe mai kabon ya mayar da shi baƙi, ya bar mai nikel yana ƙyalli. Wato zanen yana cikin jikin ƙarfen, asid ɗin fito da shi kawai yake yi.

Ga yadda za ka gwada taka. Ka goge wuri kaɗan a ruwan wuƙar har ya yi fari, ka wanke maiƙon da ke kansa, ka bar wurin cikin ruwan lemun tsami na ɗan lokaci. Idan ta gaske ce layukan za su fara dawowa, ko da dishi-dishi, musamman idan ƙarfen mai kabon ne. Idan kuwa da na'urar leza aka zana shi a kan ƙarfe guda, babu abin da zai dawo. Ka kuma duba gadon bayan wuƙar da gindinta inda take juyawa, domin masu jabu ba kasafai suke wahalar da kansu da waɗannan wurare ba.

Af, kuma wannan da muke magana a kai ba shi ne ƙarfen takubban da suka yi suna da birnin Dimashƙa (wato Damaskas) na Siriya ba. Wancan a zamanin da a Indiya da Siri Lanka ake narka shi cikin tukwane, zanensa kuma daga cikin ƙarfe guda yake fitowa ba tare da haɗa falle ba. Na zamani ya yaɗu ne bayan maƙerin Amurka Bill Moran ya baje kolin irin nasa a 1973.

Ma'abocin Wuƙar Aljihu:

Bayanin Baba Maƙeri ya gamsar, sai dai ina so in ƙara da cewa ko wuƙar ta tabbata Damaskas ce, wannan bai sa ta zama mai kyau ba. Abin da ya fi ba ni tsoro a masu arha shi ne waɗanda ba a faɗi irin ƙarfen da aka haɗa ba. Na riƙe wata mai zane kamar a sace, amma kwali biyu ta yanka ta dakushe, saboda ba a gasa ƙarfen an tsoma shi a mai yadda ya kamata ba, daga baya ma wani falle ya fara ɗagowa kusa da tsinin. Idan mai sayarwa bai rubuta sunan ƙarfen da ma'aunin taurinsa ba, wanda ya kamata ya kai wajen 58 zuwa 60 a ma'aunin Rockwell, to ka wuce abinka.

Tunda a aljihu za ta zauna, gumi zai riƙa taɓa ta, kuma haɗin 1095 da 15N20 yana tsatsa da wuri in ba a share shi ana shafa masa mai ba. Ni da zan zaɓa maka, da na ce ka nemi Damaskas marar tsatsa. Akwai wanda ake sa ƙarfen VG-10 na Japan a tsakiya, shi ne yake yankan, falle-fallen kuma su rufe shi ta gefe biyu domin ado. Kamfanin Civivi na ƙasar Sin yana fitar da samfurinsa Elementum da ruwan Damaskas, kuma yana cikin masu sauƙin kuɗi. Ƙarfen kamfanin Damasteel na Suwidin ya fi su duka suna, amma wannan ba na mai lissafin aljihu ba ne.

Kada kuma ado ya mantar da kai makulli, wato abin da yake riƙe ruwan wuƙar kada ya rufe bayan an buɗe ta. Ka buɗe wuƙar, ka kama ruwanta ta baya ka jijjiga shi gefe da gefe, sama da ƙasa. Idan yana girgiɗi, ka ajiye ta, domin wuƙar da za ta rufe a kan yatsunka ba ta da arha komai ƙarancin kuɗinta.

Mai Lura:

Ni ra'ayina ya ɗan bambanta, Malam. Idan kuɗin kaɗan ne, wuƙa mai ƙarfe guda irin 14C28N ko D2 za ta yi maka aikin da Damaskas zai yi, a farashi ƙasa da nasa, tunda zanen ba ya ƙara kaifi. Amma idan zanen ne ya kwanta maka a rai, wannan ma dalili ne, sai dai ka san cewa kuɗin ado ka ƙara. Ka kuma binciki dokar inda kake zaune kafin ka fara yawo da ita. A Ingila, alal misali, wadda aka yarda mutum ya ɗauka ba tare da wani dalili ba ita ce mai naɗewa marar makulli wadda kaifinta bai wuce inci 3 ba, sannan idan za ka hau jirgin sama kada ka bar ta a jakar hannu.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na yi gwajin jiya da dare, wurin da na goge ya kwana cikin ruwan lemun tsami, da safe na tarar da shi fari fat babu ko layi ɗaya, gadon bayanta ma sumul yake. Zan ci gaba da buɗe kwali da ita, in tara kuɗi in nemi marar tsatsa wadda aka rubuta sunan ƙarfenta.