Shawarwarin Masu Haɗa Ƙananan Jiragen Ƙasa Kan Layi da Gine-gine

Inda bakin masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa ya zo ɗaya shi ne katakon da za a ɗora komai a kai. In ya lanƙwashe, ko nawa ka kashe, jirgi ba zai daina sauka daga layi ba. A ma'aunin HO, wato 1:87, inda jirgin gaske ya ninka ƙaramin sau 87, tazarar ƙarafan layi biyu milimita 16.5 ce. Galibinsu sun ce kada radiyos ɗin kwana, wato nisa daga tsakiyar da'irar zuwa layi, ya gaza inci 18, hawa kuma kada ya wuce kashi 2 cikin ɗari.

Garajen zuba tsakuwa a kan layi ne ke cin mutane. A bari jirgi ya yi ta zagaye gaba da baya tukuna. In bai yi gardama ba, a zuba, a daidaita da buroshi, a jiƙa, sannan a ɗiga gam ɗin PVA, wato farin gam na katako, da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke. A dai kiyaye mahaɗar sauya layi, domin gam na daskarar da ita.

Kan gine-gine aka rabu, wasu kwali, wasu roba. Ni dai kwali ya fi min sauƙin gyara. Wanda zai sa fitila a ciki ya fara shafe bangon ciki da baƙin fenti, in ba haka ba haske zai ratso har ta rufi.