Wai da gaske sitem sel na tayar da jijiyar ido da ta mutu?

Maman Ilham (Angwan Rogo): Salam 'yan uwa, dan Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya ba ni haske. Babanmu na fama da hawan jinin ido, na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuma ya ce kamar ta cikin bututu yake leƙe, to jiya wata ta kawo mana garin sitem sel (wai ƙwayoyin halittar da ke sabunta sassan jiki) a 'yan ƙulli wai ƙarƙashin harshe ake zubawa, wata uku ido ya buɗe.

Baban Sadiq: Kar ki soma wlh. Kwali huɗu muka saya wa Hajiyarmu, har ta ajiye timolol ɗin da take ɗigawa wai ta samu wanda ya fi shi, da muka koma asibiti aka auna hawan jinin idon ya haura 30 alhali bai kamata ya wuce 21 ba. Ɗan sauran ganin ma ya ragu, yanzu sai ta shafa kan jika take gane waye.

Anti Nas (Bukuru): Subhanallah, sannu Baban Sadiq. Ni a ɓangaren ido nake aiki, kullum sai mun yi wannan bayanin. Jijiyar nan zare ne sama da miliyan ɗaya daga ido zuwa ƙwaƙwalwa, wanda ya mutu ba ya sake tsirowa, ba kamar yanar ido ba da ake cirewa gani ya dawo. Binciken sitem sel kam gaskiya ne, a 2014 a Kobe ta Japan an dasa wa wata tsohuwa ƙwayoyin da aka sarrafa daga fatarta, amma a shimfiɗar bayan ido ne ba jijiya ba, kuma tiyata ce fa, ba garin lasa ba.

Abu Rikkos: Ni Indiya na so kai yayana, har na sa fili a kasuwa. Likitansa ne ya zaunar da ni ya ba ni labarin wasu mata uku a Fulorida ta Amurka da aka yi wa allurar sitem sel a ido biyu a 2015, ganinsu ya lalace. Jikina ya yi sanyi na fasa.

Maman Ilham: Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti, maganin asibiti na Baba saura kwana biyu ya ƙare, a kasuwar Taminus ta Jos za a samu ko sai na dawo asibiti?