Shari'ar ɓarna: zauren mai unguwa ko kotu?

Ɗan Sarkin Noma: Salamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun kakar bara. Shanu sun faɗa gonar baffana da dare, suka cinye wake kusan rabi. Aka kai ƙara, aka kulle yaron da ke kiwon kwana uku, sai da ubansa ya sayar da bijimi ya fito da shi. Baffana kuwa ko kwano ɗaya na wake bai gani ba, ga kuɗin mota da ya yi ta zubarwa. Shi da uban yaron, da suka yi shekara ashirin suna cin kasuwa ɗaya, yau ko gaisawa ba sa yi. Ni a ganina, maganar ɓarna a mayar da ita hannun mai unguwa da arɗo. Su je su taka gonar, su ƙiyasta, a biya, a yi musafaha. Hukuma ta cire hannunta.

Baffa Jauro: Wa alaikumus salam. Ɗana, na ji zafin abin da ya sami baffanka, Allah Ya mayar da alheri. Amma ka tambaya tukun, ta ina shanun suka bi har suka kai gonar? Burtalin da na bi da garke ina yaro, shanu talatin suke jerawa kafaɗa da kafaɗa. Yau sai dai su bi ɗaya bayan ɗaya, gero dama, wake hagu, yaro ɗaya da sanda. Wa ya yanka shi ya raba wa mutane? Ba alƙali ba ne. Wanda ya ci kuɗin burtali kake so in durƙusa a zaurensa ya ƙiyasta mini tara?

Ɗan Sarkin Noma: Baffa, ba duka masu unguwanni ne haka ba.

Baffa Jauro: Ban ce duka ba. Haka nan ba kowane arɗo ne zai nuna yaron da ya yi ɓarna ba, wannan kuma namu ne, na faɗa.

Malama Uwar Ɗalibai: Ku yi haƙuri in shigo. Ikon da kuke so a mayar musu, doka ce ta karɓe shi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rage wa sarakuna ƙarfi, sannan dokar filaye ta 1978 ta ɗora filaye a hannun gwamna. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo, ana lissafa wurare 415 a Najeriya, amma waɗanda aka tabbatar a hukumance ba su kai rabi ba. Sauran kowa ya ga dama sai ya share ya shuka. Mai unguwa ba shi da takardar da zai hana mai kuɗi ko ɗan siyasa.

Baƙon Maraɗi: Mu nan Nijar sai da jini ya zuba muka farka. A Toda ta yankin Maraɗi, cikin 1991, an kashe mutum sama da ɗari, yawanci mata da yara na Fulani. A 1993 aka fitar da dokar karkara, aka kafa kwamitocin filaye har zuwa ƙauyuka. Mai gari yana ciki, da wakilin manoma, da na makiyaya, har da mata. An kafa turakun siminti a gefen burtali da yawa, duk wanda ya shuka a ciki ya san ya shiga. Kowace shekara kuma hukuma na sanar da ranar sakin gonaki. Doka ta ce a fara sulhu gaban sarakunan gargajiya, a rubuta, in ya gagara sai a tafi kotu. Har yanzu ana faɗa, ba na ɓoye muku, amma akwai abin da za a nuna a ce ga iyaka.

Mai Tumatir: Duk wannan dogon zance ne. A hana yawon kiwo kawai kamar yadda Binuwai ta yi a 2017.

Malama Uwar Ɗalibai: Dokar ta fara aiki a Nuwamba 2017, a Janairu 2018 aka binne mutum 73 da aka kashe a rikicin manoma da makiyaya a Makurɗi. Wa za ka ce ya killace shanu ba ka ba shi fili da ruwa ba?

Baffa Jauro: Ɗan'uwa mai tumatir, fadamar da kake noman rani a cikinta, da can mashayarmu ce. Ban ce ka tashi ba, iyalinka ke ci. Ka bar mini hanya ɗaya zuwa bakin ruwa. Da, manomi ne ke zuwa har ruga yana roƙon mu yi masa mashekari a gona saboda taki, ya haɗa da damin gero. Yanzu ya tattara karan da harawar ya sayar, mu kuma mun zama baƙi.

Mai Tumatir: Hanyar ruwa kam zan bari, Baffa, in an sa alama kuma yaranku sun tsaya a cikinta.

Ɗan Sarkin Noma: To na sauko daga batun hukuma ta cire hannu gaba ɗaya. Amma a fara daga zaure, da malamin gona a wurin, a rubuta abin da aka yanke. In an yi kisa ko rauni, wannan na kotu ne. Baffa, turakun fa, wa ya san ainihin inda tsohon burtalin ya bi?

Baffa Jauro: Tsofaffi biyu sun rage a garinmu da suka sani, ɗaya ma idonsa ya fara tafiya. In da gaske kuke, a ɗauke su a mota kafin ruwan fari ya sauka.