Lissafin bayan kwali: na ledar duka ne, ko na ci ɗaya?

Maman Ilham, Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan uwa. Likita ya ce a riƙa rubuta duk abin da maigida ya ci saboda ciwon suga, ni ce kuma mai riƙe da littafin. To alƙaluman bayan kwali ne suka ɗaure min kai. Kalorin da ke jikin ledar biskit, wato awon ƙarfin da abinci ke ba jiki, shi zan kwafa kawai?

Anti Nas, Samaru: Wa alaikumus salam. A'a Maman Ilham, ki fara duba layin sama, inda suka faɗi yawan ci ɗaya. A ce sun rubuta biskit uku, giram 30, ledar kuma giram 90 ce. In ya cinye ta, sau uku za ki ninka komai, har sukarin. Kamfanin ne ya yanka wannan kason don lissafi, ba wai iya abin da ya kamata mutum ya ci ke nan ba.

Maman Ilham: Ikon Allah! Wa ke cin uku ya ɗaure leda?

Malamar Kongo: Shi ya sa ni layin giram 100 nake bi, shi ne ba ya canzawa daga kamfani zuwa kamfani. Ɗauki Coca-Cola: sukari wajen giram 10.6 ne a kowace mililita 100. Robar 50cl, wato mililita 500, ta zama giram 53 ke nan, kusan cokalin shayi 13, tunda cokali ɗaya giram 4 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato wajen giram 50 ga mai cin kalori 2,000. Roba ɗaya a wurin biki ta gama da kason yinin.

Hajiya, Ƙofar Doka: Ku 'yan boko kun cika lissafi. Tuwon masara da miyar kuka fa, ina kwalinsu?

Anti Nas: Hajiyarmu, a nan sikeli ke shigowa. Ƙaramin nan na kicin mai batir, a nema wajen masu kayan kek a kasuwar Sabon Gari. A auna malmala ɗaya a rubuta, a riƙa kwashewa daidai da ita. Sai a kai littafin wajen masu ba da shawarar abinci a asibitin koyarwa na Shika su duba.

Yaya Babba, Gyallesu: Ni dai gwangwanin madara ya ishe ni awo.

Malamar Kongo: Yaya, gwangwani na da amfani in kullum shi ɗin ne, amma wani a cike yake da tozo, wani a shafe. Abin da ya fi ruɗa mutane ma shinkafa ce da taliya. Galibi alƙaluman jikin leda na ɗanya ne. In ta dahu ta sha ruwa, nauyin shinkafa kan kusan ninka uku. Wanda ya auna dafaffiya ya yi lissafi da na ɗanya, zai ga kamar buhu ya ci.

Yaya Babba: Man da aka zuba fa?

Malamar Kongo: Shi ake mantawa. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kusan kalori 120 ne.

Anti Nas: Tunda masu suga da yawa suna haɗawa da hawan jini, a duba sodiyam a dunƙulen magi da sinadarin Indomie. A ninka shi sau biyu da rabi, shi ne gishirin. Ana son babba ya tsaya ƙasa da giram 5 a yini.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. Malama, Asabar za ki shiga Sabon Gari? Ki taho min da sikelin.

Hajiya: Ki haɗo da nawa, amma kada Alhaji ya ji za a auna masa tuwo.