Neman kalma: me za mu kira "inclusion" a ajin firamare?

Jama'a, ku taimake ni da kalma. An ba ni takardar horon malamai da Turanci, aka ce in mayar da ita Hausa saboda malaman ƙananan azuzuwa da iyayen yara. Tun a shafin farko kalmomi uku suka tare ni: equality, diversity, inclusion. Ta farkon ba ta ba ni wuya ba, daidaito ce, kowa ya san ta. Ta ƙarshen ce ta hana ni sakat.

Da farko na rubuta "shigar da kowa". Da gari ya waye na goge, ga kuma dalili.

Kalmar inclusion ta yi ƙarfi a harkar ilimi ne tun taron Salamanka na ƙasar Sifaniya a watan Yunin 1994, inda UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta tara gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25, suka amince cewa makarantar da kowa ke zuwa ita ya kamata ta karɓi kowane yaro, ko da nakasa ko babu, ko wane harshe yake ji. A 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa batun a sashe na 24 na yarjejeniyar haƙƙin masu nakasa. A 2016 kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya rarrabe abubuwa huɗu: a hana yaro karatu, a ware masa makaranta tasa daban, a kawo shi ajin kowa amma shi zai lanƙwasu ya bi tsarin da ya tarar, sai na huɗu, makarantar ce za ta gyara kanta don ya samu wuri. Na huɗun nan muke nema wa suna. "Shigarwa" kuwa ta tsaya a na uku.

Na ga wannan da idona, kuma laifin nawa ne. Na taɓa riƙe aji uku, akwai wata yarinya da kunnenta ɗaya ba ya ji sosai. Sunanta na rajista, kullum tana amsa kira, kullum tana bencin baya kusa da taga. Ni kuma ina bayani fuskata na kallon allo, alli a hannu. Zango guda cur na ɗauka rashin ƙoƙari ne. Sai ranar da na lura ba allon take kallo ba, bakina take nema, in na juya baya sai ta ajiye fensir. An shigar da ita, babu shakka. Amma an mayar da ita saniyar ware a tsakiyar aji. Da na dawo da ita gaba, na daina magana ina ba su ƙeya, sai ga ta tana ɗaga hannu.

Wani malami ya ce in sa "haɗaka". Malam, na gode, amma haɗaka ta masu ƙarfi ce, kowa ya kawo nasa a haɗa. Yaron da ke kan keken guragu yana kallon matakala ba shi da abin da zai kawo tukuna, hanya yake jira a yi masa.

Wata malama ta kawo "ilimin bai-ɗaya". Malama, wannan ta riga ta sami gida a wani wurin, kuma tana jan hankali ga a ba kowa abu iri ɗaya. In ka raba wa aji littafi iri ɗaya, ka yi daidaito, amma makahon yaro bai karanta komai ba sai an ba shi rubutun Burel mai ɗigo shida da ake shafawa da yatsa. Kurma kuma sai da maganar hannu. A nan adalci ya sha gaban daidaito, shi ya sa ma muradi na huɗu cikin muradun ci gaba 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 ya ambaci adalci a gefen kalmar da muke nema.

"Tafiya da kowa" ta burge ni, kuma ban yar da ita ba. Matsalarta ɗaya: ana iya tafiya da mutum a matsayin ɗan rakiya.

Ni dai zuciyata ta kwanta da "damawa da kowa". Ba ƙirƙira ba ce, kullum muna cewa "ba a dama da mu ba", kuma mai faɗin haka yana wurin, hannunsa ne ba ya cikin aikin. Ga wata garaɓasa: a rubuce tana kama da "dama" ta "a ba shi dama", ko da yake a baki karin sautinsu ya bambanta.

Wani dattijo ya ja ni cewa kalmar tana warin siyasa, 'yan takara sun tsufar da ita. Baba, gaskiyarka, nima na ji warin. Shi ya sa na kai ta gaban alƙalan da ba su san siyasa ba. Na tambayi 'yan ajina, "In aka ce an dama da kai, me aka yi maka?" Aka yi shiru, sai wani ƙaramin yaro ya ce, "Malam, in ana ƙwallo a buga maka, ba a sa ka gadin jakunkuna ba." Na rasa abin ƙarawa. Da na gwada "haɗaka" kuwa, kallona kawai suka yi.

Saura diversity, kuma nan akwai tarko. "Bambanci" ce ke fara zuwa baki, amma ku gwada rubuta wa iyaye cewa za a koyar da bambanci a firamare. Wanda ya karanta zai tuna "nuna bambanci", wato ainihin abin da ake yaƙa. "Bambance-bambance" ta ɗan rage kaifin, a takarda za ta yi aiki in an jingina ta da "mutunta". A gaban yara kuwa na fi son "kowa da irinsa", don da ita nake buɗe darasin: kowa ya ɗaga hannunsa, mu dubi yatsu, babu biyu masu tsawo ɗaya, mu gwada riƙe fensir babu babban yatsa.

Ga abin da na sa a kan takardar a yanzu: daidaito, mutunta bambance-bambance, da damawa da kowa. Inda na maƙale shi ne sunan makarantar da ke yin haka. "Makaranta mai damawa da kowa" ta yi tsawo a allon ƙofa, "makarantar kowa da kowa" kuma wata ma'ana take bayarwa. Wanda ke da gajeriya ya kawo, jibi zan miƙa takardar.